Daga Tatsuniya zuwa Allo da Lekkol: Tarihin Shirya Ƙananan Yara ga Fahimtar Karatu a Ƙasar Hausa ta Nijar

1. Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa riƙe ajin CI a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya san wani irin yaro. Shi ne wanda zai karanta layi guda a allon bango ba tare da kuskure ba, amma in aka tambaye shi wa ya yi me a cikin abin da ya karanta, sai ya sunkuyar da kai. Yaron nan kuwa jiya da dare ya ba ƙannensa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi daga farko har ƙarshe, ya san dalilin da ya sa Gizo ya yi ƙarya, ya kuma san abin da zai same shi. Ke nan fahimta tana tare da shi, karatu ma yana tare da shi, sai dai ba su haɗu wuri ɗaya ba.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda rabuwar ta samo asali. Za mu duba wurare uku da yaro Bahaushe yake ratsawa tsakanin shekara uku zuwa bakwai, wato tsakar gida, da makarantar allo, da lekkol tare da jardan ɗin da ke gabanta. A kowane wuri tambayarmu ɗaya ce: da wane harshe ake yi wa yaro magana, me kuma ake nema ya yi da maganar?

Ma'aunin da za mu yi aiki da shi sananne ne ga masu nazarin karatu. A 1986, Philip Gough da William Tunmer suka bayyana cewa fahimtar abin da aka karanta tana fitowa ne daga haɗuwar abu biyu, iya mayar da haruffa sauti, da fahimtar harshen da aka yi rubutun da shi. Alaƙar da ke tsakaninsu irin ta ninkawa ce a lissafi, in ɗaya ya zama sifili, sakamakon ma sifili ne. Tun kafin su, a 1966, Marie Clay ta ƙasar New Zealand ta nuna cewa karatu yana fara tsiro a cikin yaro tun bai shiga aji ba. Mun ɗauki waɗannan ra'ayoyi ne don su taimaka mana mu tsara tarihin da ke hannunmu.

2. Makarantar tsakar gida

Makarantar farko ba ta da allo. Bayan an ci tuwon dare, kaka ko gwaggo ko wata ya takan tara yara ta ce «Ga ta nan, ga ta nanku», su kuma su amsa «Ta zo mu ji ta». Wannan amsa ita ce sharaɗin farko na fahimta, domin mai sauraro ya ɗauki alkawarin bin labari. Daga nan yaro yana koyon abubuwan da littattafan koyar da malamai suke jerawa a yau da sunaye na ilimi. Yana koyon cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, ƙarshen ma yana da alamarsa, «ƙurunƙus». Yana koyon halayen taurari, ta yadda da an ambaci Kura ya san kwaɗayi zai kai ta ga halaka, da an ambaci ƴar bora ya san za a zalunce ta kafin ta samu sa'a. Maimaitawar da ke cikin tatsuniya, inda yarinya take gamuwa da abu na farko, da na biyu, da na uku, tana koya masa hasashen abin da zai biyo baya. Waƙar da ake sakawa a tsakiya kuma tana ba shi damar sa baki.

Kacici-kacici yana yin wani aikin dabam. In aka ce wa yaro shanu dubu ne amma maɗaurinsu ɗaya, dole ya bar ma'anar zahiri ya nemo abin da ake nufi, har ya kai ga tsintsiya. Wannan shi ne tsamo ma'anar da ba a faɗa ba, wanda shi ne mafi wuyar sashen fahimtar rubutu. Karin magana da salon magana da wasannin dandali suna ƙara masa kalmomi, suna kuma wasa kunnensa ga bambancin sauti, kamar tsakanin «k» da «ƙ», ko «d» da «ɗ». Ko aike ma darasi ne: yarinyar da aka aika gidan maƙwabta da saƙo mai gaɓa uku, ta dawo da amsa daidai, ta riƙe zance ta kuma mayar da shi.

Muna da shaida ta tarihi a kan ƙarfin wannan tarbiyya, kuma daga ƙasar Damagaram ta fito. Dorugu, wanda aka haifa a Dambanas kusa da Kance wajen 1840, an kama shi bawa yana yaro. Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi a Barno, ya yi wa Heinrich Barth hidima, ya bi shi Turai a 1855. A Ingila, J. F. Schön ya rubuta daga bakinsa labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da dama, waɗanda suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Yaron da aka raba da gida tun yana ƙarami ya tafi da taskar labarai a kansa, ya kuma iya tsara abin da ya gani daki-daki. A tsakar gida ya samo tushen wannan ƙwarewa. Tarin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, da wanda R. S. Rattray ya buga a 1913, sun nuna yawan abin da ke cikin taskar.

Sai dai bai kamata mu ƙawata abin fiye da kima ba. Makarantar tsakar gida ba ta nuna wa yaro rubutu. Bugu da ƙari, al'adar kunya da ladabi takan hana yaro yawan tambayar babba, kuma ba kowane gida ne yake da mai ba da labari ba. Abin da ta bayar shi ne rabi ɗaya na ma'aunin Gough da Tunmer, amma ta bayar da shi cikakke, cikin harshen da yaro yake mafarki da shi.

3. Makarantar allo da ajami

Rabi na biyu a makarantar allo yaro yake fara gamuwa da shi, sau da yawa tun yana shekara huɗu ko biyar. Wannan ita ce makarantar ƙananan yara mafi daɗewa da mafi yaɗuwa a ƙasar Hausa, ko da yake ƙididdigar hukuma ba ta saba lissafa ta cikin ilimin share fage ba. Kolo yakan fara da haddar Fatiha da gajerun surori ta hanyar bin bakin malam. Daga nan a rubuta masa babbaƙu a allo, wato baƙaƙe ba wasula, sannan farfaru, inda ake sa wasula, har ya kai ga haɗa su ya karanta da kansa, ya wanke allo a yi masa ƙari.

Akwai hikimar koyarwa a nan wadda ta cancanci nazari. Malaman allo sun raɗa wa haruffan Larabci sunaye da ke bayyana siffarsu ko matsayinsu a cikin kalma, irin su «ha ƙarami», da «ha babba», da «nun guda», da «lam jaye». Wato sun gane cewa yaro yana riƙe baƙon abu ne in an rataya shi a jikin abin da ya sani. Tsarin tafiya daga baƙi zuwa wasali zuwa gaɓa zuwa kalma tsari ne mai ma'ana. Yaron allo yana kuma koyon abubuwan da Marie Clay ta ba muhimmanci: rubutu yana da inda yake farawa da inda yake nufa, alama tana wakiltar sauti, abin da aka rubuta jiya shi ne dai za a karanta yau.

Amma manufar wannan mataki ita ce kiyaye lafazin Alƙur'ani daidai, a ruwayar Warshu da aka saba da ita a yankinmu. Fassara da sharhi suna zuwa ne daga baya, a makarantar ilimi ta zaure, inda malami yake karanta nassin Larabci yana fassarawa da Hausa kalma bayan kalma. Ɗalibai da yawa, musamman mata da ƴaƴan manoma, ba su kaiwa wannan mataki. Ta haka kalmar «karatu» ta ɗauki ma'anar furtawa da rerawa da haddacewa a zukatan jama'a. Wannan ma'ana daidai take a muhallinta na ibada, amma an ɗauke ta an kai ta wasu wuraren da ba nata ba.

Ajami shi ne gadar da ta haɗa rabin biyu. Wanda ya iya haruffan allo yana iya rubuta wasiƙa ko waƙa da Hausa, ya karanta ya gane nan take. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, a yankin da ke cikin Nijar a yau, shi da jama'arsa sun yi amfani da waƙoƙin Fulatanci da na Hausa don isar da ilimi ga waɗanda ba su jin Larabci. Ƴarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa tsarin ƴan taru, inda jajis suke koyon waƙoƙi a wurinta su kai wa matan ƙauyuka. Waɗannan mata su ne masu renon yara. Duk da haka ajami bai zama darasin ƙananan yara a tsare ba. Mutum yakan tsince shi ne da kansa bayan ya yi nisa a allo.

4. Lekkol a zamanin mulkin mallaka

Lokacin da Faransawa suka kafa mulkinsu, Damagaram ce hedkwata daga 1911 har 1926 da aka mayar da ita Yamai, Nijar kuma ta zama koloni a 1922. Makarantar da suka kawo ƴar ƙarama ce ƙwarai, an yi ta ne don samar da tafintoci da magatakarda da ƙananan ma'aikata. Dokar ilimi ta 1924, wadda Gwamna Janar Jules Carde ya sa wa hannu don dukan Afirka ta Yamma ta Faransa, ta tsayar da Faransanci shi kaɗai a matsayin harshen makaranta, ta kuma hana malamai yin magana da ɗalibai cikin harsunan gida. Taron Brazzaville na 1944 ya sake jaddada wannan matsayi. Tsofaffin ƴan lekkol suna tuna «sambol», wani abin wulaƙanci da ake rataya wa duk wanda aka kama yana Hausa ko Zabarmanci, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi.

Littattafan Mamadou et Bineta na André Davesne, waɗanda suka fara fitowa wajen 1930, sun yi ƙoƙarin kawo sunaye da hotunan Afirka cikin aji, kuma sun bi hanyar gaɓa-gaɓa. Amma harshen na baƙo ne. Yaro ɗan shekara bakwai yana fuskantar aiki biyu a lokaci guda, koyon sabon harshe da koyon sirrin rubutu, kuma rubutun Faransanci ba ya bin furuci sau da ƙafa. Kalmar da ke nufin ruwa ana rubuta ta da haruffa uku, e da a da u, a furta ta «o». Ajin CI an tanade shi ne don rage wannan nauyi ta hanyar koyar da Faransancin baka tukuna, amma shekara guda ba ta maye gurbin shekara shida na harshen uwa. Mafitar da ta rage wa yaro ita ce wadda ya riga ya sani daga allo, wato ya bi bakin mushe ya haddace. Bambancin shi ne a makarantar allo hadda ita ce manufar matakin, a lekkol kuwa alama ce ta cewa manufar ta kuɓuce.

A ƙetaren iyaka an bi wata hanya. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909 inda ake koyar da karatu da Hausar boko. An kafa Hukumar Fassara a 1929. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da wasu littattafai, Magana Jari Ce ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fara fita a 1939. Ingilishi suna da nasu dalilan siyasa na yin haka, kuma su ma makarantunsu ba su kai ga yawancin yara ba. Abin da ya shafe mu shi ne sakamakon: yaron Katsina yana iya tarar da irin labarin da kakarsa take ba shi a cikin littafin aji, ɗan'uwansa na Maraɗi kuwa, mai harshe ɗaya da shi, ba ya samun haka. A lokacin samun ƴancin kai a 1960, yaran Nijar da ke lekkol ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba.

5. Daga ƴancin kai zuwa makarantun gwaji

Suka ga wannan tsari ta fito da wuri. Tun 1953 hukumar UNESCO ta fitar da rahoton masana da ke goyon bayan fara koyarwa da harshen uwa. A 1964 Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992, ya buga littafinsa L'éducation en Afrique, inda ya yi nazarin tarbiyyar gargajiya da ta mulkin mallaka, ya kuma nemi a mayar da harsunan Afirka cikin makaranta. A wannan shekarar ce kuma aka fara gwajin koyarwa ta talabijin a Nijar, gwajin da ya jawo hankalin ƙasashe da yawa, amma da Faransanci aka yi shi.

Abin lura shi ne manya ne suka fara cin moriyar rubutun Hausa a Nijar, ta hanyar yaƙi da jahilci da aka soma a farkon shekarun 1960. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya tsara haruffan rubuta wasu harsunan yankin, har da Hausa. Na wani lokaci rubutun Nijar yana nuna dogon wasali ta hanyar ninka harafi, abin da ya bambanta shi da na Nijeriya, har taron daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980 ya kusanto da ɓangarorin biyu. A 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idojin rubutun da hukuma ta amince da su.

Ga yara kuwa, shekarar da za a riƙe ita ce 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram da harshen Hausa. An kafa cibiyar INDRAP a 1974, ita ce ta ɗauki nauyin tsara manhaja da littattafai. Daga baya gwajin ya haɗa da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamajak, da Barbarci. A waɗannan makarantu yaro yana fara karatu da rubutu da lissafi cikin harshensa a shekarun farko, Faransanci yana shigowa a matsayin darasi, sannan a hankali ya zama harshen koyarwa. Awon da aka yi wa makarantun ya nuna ɗalibansu sun fi takwarorinsu na lekkol ta gargajiya fahimtar abin da suke karantawa, musamman a ƙananan azuzuwa, kuma ba su kasa su a Faransanci ba a ƙarshen firamare. Irin wannan sakamako aka samu a gwajin shekara shida na Ife da Babs Fafunwa ya jagoranta da Yarabanci daga 1970. Duk da haka makarantun Nijar sun shafe shekaru fiye da ashirin suna amsa sunan «gwaji», adadinsu bai wuce ƴan gomomi ba, littattafai suna ƙaranci, ana kuma canza wa malaman da aka horar wurin aiki zuwa makarantun da ba su koyarwa da harshen gida. Iyaye da yawa ma sun yi ɗari-ɗari, domin jarrabawa da aikin gwamnati duk da Faransanci ake samunsu.

6. Jardan, dokar 1998, da abin da ya biyo baya

Makarantar share fage irin ta boko, wadda jama'a suke kira jardan, a birane ta fara, kuma ƴaƴan ma'aikata da ƴan kasuwa ne suka fi shigarta. Abin da iyaye suke biya dominsa shi ne yaro ya ji Faransanci da wuri. Saboda haka aikin jardan ya karkata ga waƙoƙi da gaisuwa da jerin haruffa da ƙirga cikin Faransanci, waɗanda yaro yake rerawa gaban baƙi a yi masa tafi. Ta wannan fuska jardan ta jawo matsalar CI ne zuwa shekara huɗu da haihuwa.

Dokar tsarin ilimi mai lamba 98-12 ta 1 ga Yuni 1998, wadda aka fi sani da LOSEN, ta kawo canji biyu a rubuce. Ta sanya matakin share fage cikin ilimin tushe, ta kuma amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, inda harshen uwa yake riƙe matakin farko. Dokar 2001 ta tabbatar da harsunan ƙasa guda 10. A shekarun 2000 aka yaɗa jardan na al'umma a karkara da taimakon UNICEF, inda mutanen gari suke ba da wuri da mai kula da yara. Nijar tana kuma cikin ƙasashe 8 da suka fara shirin ELAN na koyarwa da harshe biyu a farkon shekarun 2010. Tare da duk wannan, yaran da suke ratsa jardan kafin firamare tsiraru ne.

Awon PASEC na 2014, wanda ya haɗa ƙasashe 10 masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa ɗaliban Nijar da suka kai matakin da ake buƙata a karatu a ƙarshen firamare ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Awon 2019 ya nuna ci gaba, amma mafi yawan yara suna ƙasa da matakin har a lokacin. A watan Maris na 2025 kuma, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Wannan mataki ya sa tambayar da muka fara da ita ta zama ta gaggawa, ya kuma ɗora mana nauyin tuna cewa yaron da harshen uwarsa Zabarmanci ne, ko Tamajak, ko Barbarci, ko Fulatanci, yana da irin haƙƙin da muke nema wa yaro Bahaushe. In aka tilasta masa fara karatu da Hausar da ba ya ji, an maimaita kuskuren 1924 ne da wani harshe.

7. Abin da tarihin ya nuna

Abu na farko shi ne, a tsawon ƙarni guda, yaro Bahaushe na Nijar yana samun fahimta cikin harshe ɗaya, yana kuma koyon haruffa cikin wasu harsuna biyu. Wuraren da abin ya haɗu, wato ajami da azuzuwan yaƙi da jahilci da makarantun gwaji, duk a gefen tsarin suka tsaya.

Abu na biyu shi ne canza harshe kaɗai ba ya isa. Ana iya rera «ba, be, bi, bo, bu» da Hausa shekara guda ba tare da an taɓa tambayar yaro ra'ayinsa a kan labari ba. Rubutun Hausa ma da kansa yana neman fahimta tun daga matakin furuci, domin ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Kalmar «gari» tana iya zama wurin zama ko abin tuwo, «kuka» tana iya zama hawaye ko itaciya. Mai karatu ba zai san wadda zai furta ba sai ya riƙe ma'anar jimlar. Yaron da ya zo da kalmomi masu yawa da sabo da bin zance shi ne zai tsallake wannan da sauƙi.

Abu na uku ya shafi hanya. Binciken da Grover Whitehurst da abokan aikinsa suka buga a 1988 ya nuna cewa in babba yana duba littafin hotuna tare da ƙaramin yaro, yana yi masa tambayoyi, yana faɗaɗa amsarsa, yana barinsa ya zama mai ba da labarin, harshen yaron yana bunƙasa fiye da in an karanta masa kawai yana shiru. Mai tatsuniya ta riga ta san rabin wannan dabara. Abin da za a ƙara mata shi ne takarda da tambaya. A aikace, mai kula da jardan tana iya ba da tatsuniya da baki, ta tsaya a tsakiya ta tambayi yara abin da suke zato zai faru da dalilinsu, washegari su maimaita mata labarin tana rubutawa da manyan haruffa a gabansu, sannan ta karanta musu maganarsu tana bin kalmomin da yatsa. A nan ne yaro yake gano cewa rubutu magana ce da aka ajiye. Wannan ba ya bukatar kayan da suka fi alli da allo da takarda, amma yana bukatar horo, yana kuma bukatar aji da yawan yaransa bai hana a saurari kowa ba.

Abu na huɗu shi ne kayan karatu. Tun farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni don makarantun Nijeriya. Cibiyar CELHTO da ke Yamai da cibiyar IRSH ta jami'a suna riƙe da adabin baka da aka naɗa a ƙasar nan. Kaɗan ne daga cikinsa aka mayar ƙananan littattafai masu hotuna da jimloli gajeru waɗanda suka dace da ɗan shekara huɗu, cikin Hausar da yaron Dogon Dutsi ko Tasawa ko Madawa zai ji ta zama tasa.

8. Kammalawa

Mun bi yaro daga tabarmar kakarsa zuwa gaban malamin allo, daga nan zuwa bencin lekkol, mun ga inda aka raba masa fahimta da haruffa da kuma ƙoƙarin da aka yi tun 1973 na sake haɗa su. Akwai ayyuka uku da muke ganin suna jiran ɗaliban sashenmu. Na ɗaya, a naɗi hirar manya da yara ƴan shekara uku zuwa shida a gidajen birni da na ƙauye, don a san matsayin tatsuniya a yau da talabijin da wayar hannu suka shiga tsakar gida. Na biyu, a rubuta dabarun malaman allo na koyar da babbaƙu da farfaru daga bakinsu, a auna abin da yaron allo yake zuwa da shi ajin CI. Na uku, a nemi malamai da tsofaffin ɗaliban makarantar gwaji ta Damagaram a ɗauki bayaninsu, domin ƴan ajin farko na 1973 sun doshi shekara sittin, malamansu kuwa sun fi haka.